Batir ne ko altaneta? Don Allah a taimaka

Sabon_Direba:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Sati biyu kenan jar fitilar batir ɗin nan tana kamawa a dashbod ɗina, in na taka totur ta ɗauke, in na saki ta dawo, da daddare kuma fitilun gaba sai su dushe in mota tana silo. Batirin ko wata huɗu bai yi ba. Jiya da safe na murɗa ki sai ƙas ƙas kawai nake ji, sai da aka jona min da wata mota sannan ta tashi. Altaneta ce, wato mai yi wa batir caji, ko batirin ne aka ba ni mara kyau?

Mai_Akori:
Wa alaikumussalam. Ka tada ta ka cire kan batir ɗaya, in ta mutu to altaneta ce, haka muke yi tun da.

Rewaya:
A'a Malam don Allah kar ka yi haka. Wannan dabarar ta tsofaffin motoci ce, na yanzu akwai birenbos, wato kwamfutar mota, kuma batir shi ke daidaita wutar, kana cire shi wuta za ta iya hauhawa ta ƙona maka abin da ya fi altanetar tsada. Ka samu mitar auna wuta ka auna kan batir mota a kashe, ya kamata ka ga kamar volt 12.4 zuwa 12.6. Sai ka tada ta ka sake aunawa, in altaneta na caji za ka ga 13.8 zuwa 14.5 haka, ka kunna fitila da AC ka gani ko za ta riƙe, in ta sauko ƙasa da 13 tana ta raguwa to ba ta caji, in kuma ta haura 15 regiuleta ce ta lalace, wato mai ƙayyade wutar da altaneta ke bayarwa, ita ma tana dafa batir.

Amma kafin nan duba fanbel tukuna, in ya saki ko yana ƙara da safe to santsi yake yi. Ka duba kan batir ma, wannan farin garin da ke taruwa kaɗai ya isa ya hana caji. Abin yana min ciwo in ga an sa mutum sayen altaneta alhali waya ce ta kwance.

Sabon_Direba:
Na gode Oga, Allah ya saka. Na auna, a kashe 12.2, a kunne 12.4, in na ba ta wuta sosai takan kai 13.6. Bel ɗin da ƙarfinsa, kan batir ma tsaf.

Rewaya:
To batirinka ba shi da laifi, yunwa ce ke damunsa. Ni na fi zargin kabon ya cinye ko dayod ɗaya ya tafi, duk ƙananan kaya ne a cikin altanetar, a kwance ta a gwada kafin ka sayi wata. Kuma ka kai batirin a yi masa cikakken caji, kar ka bar shi ba caji haka, zai mutu da gaske.