Muhawara: Lakers sun yi daidai da suka rabu da D'Angelo Russell?

Yaya Bala: Jama'a, har yau maganar nan tana cina a rai. A Disambar 2024 Lakers, ƙungiyar ƙwallon kwando ta Los Angeles a gasar NBA ta Amurka, suka ɗauki Russell, suka haɗa da Maxwell Lewis da damar zaɓe uku ta zagaye na biyu a zaɓen sabbin 'yan wasa da ake yi duk shekara, suka miƙa wa Brooklyn, aka ba su Dorian Finney-Smith da Shake Milton. Ni a wurina asara ce. Mutumin da ya zura jifa mai maki uku har 226 a kakar 2023/24, ya shafe tarihin Lakers na 183 da Nick Van Exel ya kafa, da ya tsaya tun 1995, shi za a sallama haka?

Ummi: Yaya, ka faɗi rabi ka bar rabi. A waccan kakar dai, wasa na uku da Denver a wasannin fitar da gwani, maki nawa ya ci? Ko ɗaya. Jifa bakwai, babu wadda ta shiga.

Yaya Bala: Wasa na biyu fa, ƙanwata? Maki 23, ya zura mai uku-uku har bakwai.

Ummi: Ai ciwon ke nan. Yau zuma, gobe maɗaci. Wa zai gina gida a kan wannan?

Koci: Ku bari in sa baki, don na daɗe ina koyar da yara wasan nan. Idan mai jifa daga gefe hannunsa ya yi sanyi, sai a daina ba shi ƙwallo, wasa ya ci gaba. Mai raba ƙwallo irin Russell ba haka ba ne. Kowane hari daga hannunsa yake farawa, shi ke sanin lokacin gudu da lokacin lafawa, shi ke ciyar da dogon da ke ƙarƙashin kwando. Ranar da ya rikice, mutum huɗu ne suke rikicewa tare da shi. Abin da ya fi damuna da Russell ma ba jifar ba ce, tsaro ne. Ɗan wasa mai tare gida, ko bai ci maki ba ya biya kuɗin zamansa a fili. Shi kuwa in ƙwallo ta ƙi shiga, babu abin da ya rage. Ku tuna 2023, wasan ƙarshe na yankin Yamma: Denver suka riƙa nemansa da gangan, duk wanda yake tsarewa shi ake ba ƙwallo. Maki 25 ya haɗa a wasa huɗu, har mai horarwa Darvin Ham ya fara wasa na huɗu da shi a benci. Aka share su 4-0.

Ɗan Auta: Koci, da girmanka, amma wa ya kai su wurin? Wasa na shida da Memphis a 2023 ɗin, maki 31 ya ci aka gama da su. Kuma a Maris 2024, LeBron James ba ya nan, ya zuba wa Milwaukee 44. Mutum ba ya yin haka da sa'a.

Koci: Ban ce ba shi da baiwa ba, ɗana. Ba a ɗaukar mutum na biyu a zaɓen 2015 a banza, kuma ya buga wasan taurari a 2019. Amma kakar yau da kullum wasa 82 ce, dare mai kyau yana rufe marar kyau. A fitar da gwani abokin karawa ɗaya ne, wanda ya fara cin huɗu ya wuce. Dare biyu marasa kyau sun isa a tattara kaya.

Yaya Bala: To, mu ɗauka haka ne. Me suka samu? Finney-Smith ya yi 'yan watanni, kaka na ƙarewa ya tafi Houston. Damar zaɓe uku sun tafi. Minnesota ta fitar da su 4-1 a zagayen farko na 2025. Ina ribar?

Ummi: Sun samu Luka Dončić a Fabrairun 2025, wa yake neman wani mai raba ƙwallo kuma?

Yaya Bala: A'a, kada ki haɗa. Ranar da suka sallami Russell babu Luka a hannunsu, kuma da Anthony Davis aka yi cinikin Luka. Ba a yabon shawara da abin da ya faɗo daga baya.

Koci: Nan kam Bala ya yi gaskiya, Ummi. A auna shawarar da abin da aka sani a ranar. Mai horarwa JJ Redick ya riga ya mayar da Russell benci tun Nuwamba. Kwantiraginsa na ƙarewa a ƙarshen kakar, dala miliyan 18 da ɗoriya. In an riƙe shi, ya tafi kyauta. Ga LeBron da Austin Reaves suna iya riƙe ƙwallo, abin da babu shi ne mai tsare manyan 'yan gefe irin Finney-Smith. Ka bayar da abin da kake da shi biyu, ka karɓi wanda ba ka da shi ko ɗaya.

Ɗan Auta: Ni abin da ke min zafi, kullum sunansa na cikin jita-jitar musaya. Lakers, Brooklyn, Golden State, Minnesota, Lakers kuma, Brooklyn kuma. Yaya hannun mutum zai natsu alhali jakarsa na bakin ƙofa?

Ummi: Wannan na ji shi, ƙanena, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Amma ƙungiyoyi huɗu, masu horarwa daban-daban, duk suka ga abu ɗaya.

Yaya Bala: Na yarda a rabu da shi. Farashin ne ban yarda da shi ba. Da sun yi musayar tun farkon 2024, lokacin da hannunsa ke ci, da ba su ƙara da damar zaɓe uku ba.

Koci: A lokacin kuma kai ne za ka fara cewa kada a taɓa shi, Bala.

Yaya Bala: Haka ne, Koci. Da na faɗa, kuma da ƙarfi.