Gwajin gas a bakin tanki ya isa a sa hannu a famit?

Sabon Shiga:
Assalamu alaikum. Tankin ƙarfe ne da aka kwashe man cikinsa aka wanke, ana so a shiga a yi walda. Idan na'ura ba ta nuna gas a bakin tankin ba, za a iya sa hannu a famit, wato takardar izinin aiki?

Mai Gwajin Gas:
Wa alaikumus salam. Bai isa ba, Malam. Sai an gwada sama, tsakiya da ƙasa, domin H2S (gas mai guba mai warin ruɓaɓɓen ƙwai) da tururin mai sun fi iska nauyi, a gindin tanki suke kwanciya. Zura tiyon na'urar, ka dakata a kowane mataki har lambar ta tsaya.

Fara da oksijin: kada ya gaza kashi 19.5 cikin ɗari, kada ya wuce 23.5. Dalilin farawa da shi, yawancin na'urorin auna gas mai kama wuta sai da oksijin suke aiki, idan ya yi ƙaranci sosai sai su nuna ƙasa da abin da ke ciki. Tsatsa kaɗai tana cinye oksijin a rufaffen tanki. Daga nan sai LEL, wato mafi ƙarancin yawan gas a iska da zai iya kama wuta: ƙasa da kashi 10 cikin ɗari na LEL don shiga, amma ga walda kamfanoni da yawa sifiri suke nema. Kada a dogara da hanci, H2S idan ya kai wajen 100 ppm (kashi 100 cikin miliyan) yana kashe jin wari. Lakar da ta rage a ƙasa kuma tana sakin gas da zarar an taka ta ko ta ji zafi, shi ya sa na'ura za ta zauna a ciki har a gama.

Injiniyan Gyara:
Kafin gwajin ma akwai raba tankin da layukansa. Rufe bawul ba kariya ba ce, bawul yana yoyo. A sa faifan ƙarfe a toshe kowane bututu. Injin da ke juya kayan ciki a kashe wutarsa, kowane ma'aikaci ya sa nasa kwaɗon, sannan a danna maɓallin tayarwa a tabbatar bai tashi ba.

Jami'in Tsaro:
A kawar da duk abin da zai kama wuta har mita 11, ko a rufe shi da bargon wuta. Mai gadi ya tsaya a bakin tanki, kada ya shiga ceto shi kaɗai. Famit na aikin da aka rubuta ne kawai. Idan an canza ma'aikata ko an tafi hutu, a sake gwaji. A Piper Alpha, wani dandalin haƙar mai a Tekun Arewa, a 1988 mutum 167 suka mutu bayan masu aikin dare sun tayar da famfon da aka cire wa bawul ɗin kariya, domin bayanin famit bai iso gare su ba.

Sabon Shiga:
Na gode ƙwarai. Bayan an kashe walda, mai gadin wuta zai ƙara minti nawa?

Jami'in Tsaro:
Aƙalla 30, wasu ƙa'idojin awa ɗaya suke cewa. Bi wanda ya fi tsawo.