Wa yake nan da agogo ranar da aka fara?

Kawu: Assalamu alaikum. Auta ya nuna min littafin makarantarsu, wai sararin samaniya ya soma ne da wata babbar fashewa shekara biliyan 13.8 da suka wuce, duniyar da muke takawa kuma shekarunta biliyan 4.5. Tambayata ɗaya ce: wa yake nan da agogo? Abin da ido bai gani ba sunansa zato. Su kira shi zato, su daina koya wa yara shi kamar biyu da biyu huɗu.

Yaya Babba: Maganar Kawu dutse. Kuma fashewa ai ɓarna take yi. Wa ya taɓa ganin bam ya tashi ya bar gini a tsare?

Malama: Wa alaikumus salam, Kawu, Allah ya ƙara girma. Yaya, sunan ne ya ruɗe ka. Wanda ya raɗa masa Big Bang, Fred Hoyle, a rediyon BBC ya furta shi a 1949, kuma shi kansa har ya mutu bai yarda da ra'ayin ba. Ba wani abu ne ya tarwatse a cikin fili ba, filin ne da kansa yake buɗewa. Ɗauki roba ka ɗiga mata tawada wuri biyar, ka riƙe baki ɗaya ka ja. Ɗigon da ke kusa da yatsanka kaɗan zai matsa, na can ƙarshe kuwa zai yi nisa sosai a lokaci guda. Abin da Edwin Hubble ya auna ke nan a 1929 daga dutsen Wilson a Kalifoniya: gungun taurarin da ya fi nisa shi ya fi saurin nisantarmu. In abu yana buɗewa yau, jiya ya fi haka matsewa.

Kawu: Misali ne wannan, 'yata. Ni shaida na nema.

Injiniya: Kawu ya yi haƙuri in sa baki. Hasken rana minti takwas da 'yan kai yake yi kafin ya iso mu, don haka ranar da kake gani ta minti takwas baya ce. Gungun Andromeda, wanda ake iya hangowa da ido a dare mai duhu, haskensa ya baro can shekara miliyan 2.5 da suka wuce. Duk wanda ya ɗaga kai sama, abin da ya wuce yake kallo, ba na yanzu ba.
Amma ga abin da ya fi kama ni. A 1948 Ralph Alpher da Robert Herman suka lissafa cewa in har samaniya ta faro da tsananin zafi, dole a sami ragowar ɗumin nan ko'ina, ya huce ƙwarai. A 1964 wasu mutum biyu, Arno Penzias da Robert Wilson, suna aiki da wata ƙatuwar eriya a jihar New Jersey, ba ma wannan suke nema ba, sai wata ƙara ta addabi na'urarsu. Duk inda suka juya eriyar tana nan, dare da rana. Har suka zargi tattabarun da suka yi sheƙa a ciki, suka kore su, suka goge kashinsu tas. Ƙara ta ce ba inda za ta. Ashe ɗumin nan ne, yana kusan digiri 270 ƙasa da sifiri. Sun karɓi kyautar Nobel a 1978. An faɗi abu tun kafin a gan shi, sannan aka yi tuntuɓe da shi. Zato ba ya haka.

Auta: Malaminmu ya ce ko tsohuwar talabijin mai eriya, in ba tasha, ɗan kaɗan daga cikin yayyafin da take nunawa daga can yake.

Yaya Babba: Kai Auta, manya na magana. To ni dai na ji ana cewa aya ta 30 a Suratul Anbiya ta riga su, inda aka ce sammai da ƙasa a haɗe suke aka raba su. Shi ke nan, rigima ta ƙare.

Malama: Yaya, a nan ni ba na gaggawa. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara kawo batun buɗewar samaniya, Georges Lemaître, wanda ya kawo nasa a 1927, limamin cocin Katolika ne ɗan Beljiyam. Da Paparoma Pius na 12 ya fito a 1951 yana cewa kimiyya ta gaskata halitta, shi Lemaître bai ji daɗi ba. Lissafin masana ana gyara shi in sabon awo ya zo. In ka ɗaure aya a jikinsa, ranar da aka gyara me za ka ce? A bar wa malaman tafsiri nasu.

Kawu: Wannan kam na yarda da ke. To duniya fa? Dutse ba ya magana.

Malama: Yana yi, Kawu, sai dai a hankali. Sinadarin yuraniyom yana rikiɗewa ya koma dalma bisa ƙa'ida, rabinsa a cikin shekara biliyan 4.47. In an auna nawa ya rage, nawa ya koma dalma, an san tsawon lokacin da aka ɗauka. Clair Patterson ya yi amfani da wannan hanya a kan duwatsun da suka faɗo daga sama, ciki har da wanda ya faɗa Arizona, a 1956 ya fitar da biliyan 4.55. Duwatsun sama ya zaɓa saboda tare aka yi su da duniya daga ƙura da iskar da ta kewaye rana, ita kuwa duniya ta sha narkar da nata na farko. Duk da haka an tsinci ƙananan ƙwayoyin ma'adinin zirkon a yammacin Ostireliya masu shekara biliyan 4.4.

Kawu: Na ji ɗumi, na ji dalma. Amma kafin wannan matsewar, me yake nan? Me ya tayar da ita?

Injiniya: Nan lissafin yake tsayawa, Kawu. Ɗumin nan ma da muke magana, wanda shi ma haske ne, sai bayan shekara 380,000 da farawar ya samu fita. Abin da ya faru kafin nan da lissafi da gwaji ake bin sawunsa, har a kai gaɓar da dokokin da aka sani suka daina aiki.

Kawu: Yauwa! To wannan ma a rubuta wa yaran, da manyan baƙi.

Auta: Kawu, yana nan a shafi na gaba. Kafin ka kai wurin ka miƙo min littafin.