Neman kalma: me za mu kira mai nemo wa cibiyar nazari kuɗi a Amurka?

Uwar Biyu: Assalamu alaikum malamaina. Ina da shirin rediyo da za a ɗauka gobe da ƙarfe 10 na safe, kan yadda cibiyoyin nazarin manufofin gwamnati a Amurka ke samun kuɗin gudanar da aiki. Na kawo misali da Center for American Progress, wadda John Podesta ya kafa a Washington a 2003, da kuma Economic Policy Institute da aka kafa a 1986. Matar da na yi hira da ita tana aiki a wata cibiya irin waɗannan, muƙaminta Director of Development, aikinta kuma fundraising. Can baya na taɓa fassara wannan muƙami da "daraktar raya ƙasa", sai da shirin ya fita wani mai sauraro ya bugo waya ya ce sam ba haka ba ne. Abin ya dame ni ƙwarai, ba na so in maimaita. Sai kuma kalmar progressive da suke siffanta cibiyar da ita. A taimaka.

Bakano: Wa alaikumus salam Hajiya. Daraktar tara kuɗi. Kowa zai gane.

Ɗan Jarida: "Tara kuɗi" a kunnen mai sauraro ko dai attajiri ne ke tara na kansa, ko kuma hukumar tara kuɗin shiga ce. Ni "neman tallafi" zan ce.

Bakano: Tallafi ai ya ƙone. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, in ka ce tallafi mutane buhun shinkafa da layin rabo suke hangowa.

Bahaushen Maryland: Yaya Uwar Biyu, bari in faɗi yadda aikin yake tukuna, don na shekara huɗu a irin wannan ofis, a ƙarƙashin mai riƙe da muƙamin. Ba ita ke karɓar kuɗi ta ƙirga ba, wannan aikin sashen kuɗi ne. Ita ce ke zama da shugaban cibiya da 'yan kwamitin amintattu a farkon shekara su ce: ga abin da za mu kashe, nawa zai fito daga manyan gidauniyoyi irin su Ford da MacArthur da Open Society, nawa daga attajirai ɗaiɗaiku, nawa daga ƙungiyoyin ƙwadago, nawa daga masu aiko da dala 20 ta intanet. Attajiri guda ana iya shekara biyu ana bibiyarsa, ana aika masa rahoto, ana gayyatarsa taro, kafin a furta masa adadi. Babban ciwon kanta shi ne yawancin kuɗin gidauniya da sharaɗi yake zuwa: wannan na binciken mafi ƙarancin albashi ne kawai, ba a taɓa shi a biya hayar ofis. Shi ya sa aka yi ta maganar attajirar nan MacKenzie Scott daga 2020, don ita takan bayar ba tare da gindaya sharaɗi ba. Abu na biyu, dole ta san iyakar doka. Cibiyar da ke ƙarƙashin sashe na 501(c)(3) na dokar harajin Amurka, mai ba ta kuɗi yana samun sauƙin haraji, amma tun 1954 an hana irinta mara wa ɗan takara baya. Don haka Center for American Progress take da 'yar'uwa daban mai suna Action Fund a ƙarƙashin 501(c)(4), wadda ke da damar shiga siyasa fiye da ita, sai dai mai ba ta kuɗi ba ya samun wancan sauƙin.

Malam Tsohon Malami: Madalla da bayani. To ai kun ga Bahaushe ya riga ya gama aikin. Mutumin da ke tsara hanya, ya san zango, ya san sarakunan da za a gaisar da abin da za a ba su, ya lissafa guzurin ayari tun kafin a tashi, sunansa madugu. Wurin da ake zuba karo-karon jama'a kuwa gidauniya. Ki ce Madugun Gidauniya. Ba darakta, ba komai na aro.

Ɗan Jarida: Allah ya gafarta Malam, akwai tangarɗa. A labarai yanzu gidauniya ita ce mai BAYARWA: Gidauniyar Ford, Gidauniyar Ɗangote, Gidauniyar MacArthur mai ofis a Abuja. In Hajiya ta ce madugun gidauniya a shirin da ake ta ambaton Gidauniyar Ford, za a ɗauka matar ita ke rabon kuɗin, alhali ita ke nema.

Malam Tsohon Malami: Wa ya karkatar da kalmar in ba ku 'yan jarida ba? Da can in masallaci ko makaranta na bukata, "kafa gidauniya" ake yi, a tara jama'a kowa ya zuba. Mai nema ne ke kafa ta. Ku kuka ɗauke ta kuka ba Turawa masu kuɗi, yanzu kuma kuna cewa ba ta dace da mai nema ba.

Ɗan Maraɗi: Malam na da gaskiya kan asali. Amma mu nan Nijar in munka ji madugu, ko madugun 'yan adawa ne ko madugun 'yan tawaye. Kuma mace ce fa, ya za a ce mata?

Malam Tsohon Malami: Maduguwa mana. Ko harshen ya daina haihuwa ne?

Bakano: Ni a faɗi gaskiya, duk wannan kewaye-kewaye ne. Wanda ke bin masu kuɗi yana yabon aikinsa don a ba shi, mun san sunansa. Maula ce ta masu kwat.

Bahaushen Maryland: Wannan magana ta yi mini zafi, Malam Bakano, kuma ba daidai ba ce. Mai maula ba ya komawa ya ba da bahasin abin da ya yi da kuɗin. Mu duk kuɗin gidauniyar da muka karɓa sai mun rubuta rahoton inda ya shiga, kuma duk shekara cibiya na cika takardar haraji mai lamba 990 wadda kowa zai iya dubawa, har albashin manyan ma'aikata na ciki. Su kansu gidauniyoyin doka ta wajabta musu fitar da kimanin kashi 5 cikin 100 na dukiyarsu kowace shekara, suna neman inda za su sa kamar yadda muke neman su. Na ga an mayar wa mai kuɗi da kyautarsa saboda ya nemi ya ga sakamakon bincike kafin a wallafa. Ban ce ba a samun masu lanƙwasa ba, ana samu, kuma tambayar wa ke biyan wa tana da muhimmanci a shirin Yaya. Amma kada kalmar da za a zaɓa ta yanke wa matar hukunci tun kafin ta buɗe baki.

Malam Tsohon Malami: Nan kam ina bayanka, yaro. Sai dai ku da ke zaune can ku ne kan gaba wajen cewa Hausa ba ta da kalma.

Bahaushen Maryland: Baba, ban ce haka ba ko sau ɗaya.

Ɗan Maraɗi: Kuma kullum in an zo zaɓen kalma ta Kano da Kaduna ake ɗauka, kamar mu ba mu sauraren rediyo.

Bakano: Ai ba wanda ya hana ku kawo taku. Kun kawo ne aka ƙi?

Ɗan Maraɗi: To ga tawa: gudummawa. Asalinta rugawa a kai wa wani ɗauki, kamar dakarun da ake aikawa su ƙara wa na fagen daga ƙarfi. Mai kai gudummawa ba sadaka ya ba ka ba, ya shigo yaƙinka ne don ya yarda da shi. Abin da na fahimta daga bayanin ɗan'uwanmu na Maryland ke nan, ana neman waɗanda ra'ayi ya zo ɗaya da su.

Ɗan Jarida: Wannan ta zauna. Daraktar neman gudummawa. Masu bayarwa su zama masu ba da gudummawa, kuɗin gidauniya mai sharaɗi a ce masa gudummawa mai sharaɗi. Tsarin shekara kuma dabarun neman gudummawa.

Uwar Biyu: Na gwada karanta ta da ƙarfi sau uku, tana tafiya a baki. Saura progressive, dare na yi.

Malam Tsohon Malami: Wannan ma an gama ta tun 1950. NEPU, wato Northern Elements Progressive Union, da ke da wannan kalma a sunanta, Jam'iyyar Neman Sawaba aka kira ta da Hausa. Cibiyar 'yan sawaba.

Ɗan Maraɗi: A'a Malam, ka bar wannan. Sawaba wurinmu jam'iyyar Djibo Bakary ce, wadda aka haramta a 1959, akwai gidajen da har yau suke tuna abin da ya samu iyayensu dominta. Ba a aro wannan suna a ba wata cibiya a Washington.

Ɗan Jarida: Haka ma a Kano, suna ne mai masu shi. "Masu sassaucin ra'ayi" kuma mun riga mun ba liberal. Cibiyar nazari ta Heritage Foundation da aka kafa a 1973 muna ce mata ta masu ra'ayin mazan jiya, to kishiyarta ta zama ta masu ra'ayin kawo sauyi.

Bahaushen Maryland: Bai cika ba, don 'yan mazan jiyan ma sauyi suke nema, ta wata fuskar. Amma in Yaya ta bi shi da jimla ɗaya, cewa suna neman a ƙara mafi ƙarancin albashi, a faɗaɗa inshorar lafiya, a ƙara wa masu hali haraji, mai sauraro zai gane inda suka dosa.

Uwar Biyu: Haka zan yi. Ga yadda zan gabatar da ita: "daraktar neman gudummawa a wata cibiyar nazarin manufofin gwamnati ta masu ra'ayin kawo sauyi, wadda ba a kafa don riba ba." Malam, a wajen bayanin aikinta zan ce ita ce kamar madugu a ayarin, don kwatancen ya burge ni. Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri.

Malam Tsohon Malami: Gudummawa na karɓa, Hausa ce tsantsa. Darakta kam ban karɓa ba, ko "shugabar sashe" kika ce da ya fi. Amma shirinki ne, 'yata. Ki sa mana shi nan in ya fita, ina so in ji yadda madugun ya zauna.