Wai jininmu bai kai nasu ba

Ɗan Kurna: Jama'a, raina a ɓace yake. Shekara biyu ina neman yarinyar nan, an kai gaisuwa, har an sa rana. Jiya kawunta ya dawo mana da kayanmu, akwatunan ko buɗe su ba a yi ba. Wai sun bincika, kakana mahauci ne. Wallahi wannan tunanin Darwin ne, Baturen nan mai nazarin asalin halittu, wai mutane hawa-hawa aka halicce su, na sama ya taka na ƙasa. Da irinsa Jamusawa suka karkashe ƙabilar Herero a Namibiya daga 1904, suka kwashi ƙoƙon kawunansu zuwa Berlin suna awo. Yau ga mu muna auna jinin juna.

Malam Habu: Allah ya huci zuciyarka. Amma ka bar Darwin, ba shi ba ne. Herbert Spencer ne ya fito da zancen wanda ya fi dacewa shi ke wanzuwa, a 1864, ya ɗora shi a kan mutane.

Maman Ilham: Malam, shi Darwin ɗin ai ya karɓi kalmar ya sa a littafinsa daga baya. Kuma Francis Galton da ya ƙirƙiro ilimin tace irin mutane a 1883 ɗan'uwansa ne na jini. Ƙarshenta a Amurka sama da mutum 60,000 aka yi wa tiyatar hana haihuwa da ƙarfin doka.

Abu Sumayya: Subhanallah! Mutumin da ya ce kakanmu biri ne kuke wankewa?

Malam Habu: Bai ce biri ba, cewa ya yi tushe ɗaya.

Abu Sumayya: Ka ji shi ko? 'Yan boko kenan.

Malam Habu: Abu, ka taɓa buɗe littafin? Tun 1859 yake nan.

Abu Sumayya: Ba na buɗe littafin ɓata.

Bafulatanin Yola: Ni dai asali gaskiya ne. Kowa ya san gidansu.

Maman Ilham: Yaya, ai Lugard ma haka ya ce, wai Fulani sun fi sauran iya mulki. Haka 'yan Beljiyam suka ɗaga Tutsi a kan Hutu a Ruwanda, suka rubuta ƙabila a katin shaida. Ka tuna kisan kiyashin 1994.

Bafulatanin Yola: Kar ki sako Fulani a nan, Hajiya. Shehu ya riga Lugard da shekara ɗari.

Ɗan Kurna: Ni fa maganar aurena na kawo.

Shugaban zaure, Abu Sumayya: Na rufe. A taƙaice, an tabbatar duk fitinar nan daga Darwin ta samo asali, masu kare shi kuma ba su kawo hujja ba. Malam Habu, ka daina kawo mana sunayen Turawa. Ɗan Kurna, ka yi haƙuri, matar mutum kabarinsa.