Tambaya kan firaibesi folisi kafin in nemi AdSense

Ɗan_Rigasa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da ɗan shafi da nake sa farashin wayoyi da yadda mutum zai gyara ƙananan matsaloli da kansa, wata bakwai kenan, a shago nake rubutawa in kasuwa ta yi sanyi. Yanzu masu shigowa sun ɗan ƙaru shi ne na ce bari in nemi AdSense, wato tsarin Google na saka talla a shafinka ana biyanka, ko na samu na data. To wani abokina ya ce min in babu firaibesi folisi, wato rubutun da ke bayyana yadda kake yi da bayanan masu shigowa, kar ma in ɓata lokacina, sai ya turo min na wani shafi wai in kwafa in canza suna kawai, na buɗe wallahi turanci ne zalla ga tsawo, har da adireshin wani kamfani a Kalifoniya a ƙasa. Tambayata, dole ne sai da shi? Kuma me ake so a rubuta? Sannan ina da fom da mutane ke ajiye lambarsu in saka su guruf ɗin WhatsApp, shi ma ya shiga lissafi?

Injiniya_Barnawa:
Wa alaikumus salam. Dole ne malam, yana cikin sharuɗɗan da kake danna ka yarda ranar da ka buɗe akawun, mu ne dai ba ma karantawa. Kuma abin da Google ke so ba shi da yawa. Ka faɗa wa mai shigowa cewa wasu kamfanoni, har da Google ɗin, suna ajiye kukis a burauzarsa, wato wani ɗan guntun fayil da suke gane shi da shi, kuma da shi suke zaɓar tallan da za su nuna masa gwargwadon shafukan da ya taɓa leƙawa, naka ko na wasu. Ka taɓa duba takalmi sau ɗaya ka ga takalmin nan na bin ka duk inda ka shiga kamar ka ci masa bashi? To aikin kukis ne. Sai ka nuna masa hanyar kashewa, ka sa linkin saitin talla na Google da na aboutads.info. In ka haɗa da wani kamfanin talla daban shi ma ka ambace shi, haka in kana da Google Analytics mai ƙirga masu shigowa.

Inda mutane ke tuntuɓe shi ne maganar Turai. Tun 25 ga Mayu 2018 dokarsu ta kare bayanan mutane, GDPR, ke aiki, kuma daga 16 ga Janairu 2024 Google ya ce duk mai son nuna wa 'yan Tarayyar Turai da Birtaniya tallan da ya dace da su sai ya sa akwatin neman izini irin wanda shi Google ya tantance. Ba sai ka saya ba, akwai na kyauta a cikin AdSense, kunnawa kawai za ka yi. Kar ka ce ai ni a Kaduna nake, ɗan uwanmu da ke karatu a Jamus in ya buɗe shafinka daga can ake ƙirga shi.

In da WordPress ka gina shafin, shiga saiti akwai wurin sirri, zai ba ka samfuri ka cike da hannunka.

Anti_Barista:
Ƙanina fom ɗin nan naka ya fi damuna a kan kukis. Lambar waya bayanin mutum ce, kuma nan gida muna da doka, ba sai an je Turai ba. NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa, ta fara fitar da ƙa'ida a 2019, sannan a watan Yuni 2023 Shugaba Tinubu ya sa hannu a cikakkiyar dokar kare bayanan jama'a, hukumar NDPC ke kula da ita. Abin da take so daga irinka: ka faɗi wane ne kai da yadda za a same ka, me kake karɓa, don me, wa kake ba, har yaushe za ka riƙe, kuma in mutum ya ce goge lambata ka goge. Tarar ma a rubuce take, manya har zuwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa, ƙanana har zuwa miliyan 2 ko kashi 2 ɗin.

Kar ka kwafi na Kalifoniyan nan. Zai ce ba ka karɓar lambar kowa alhali ga fom na kallon mutane, ka ga ka sa hannu a kan ƙarya kenan da kanka. Kuma ka tuna duk wanda ka jefa guruf kowa na ganin lambarsa, mata da yawa sun sha kiran dare ta wannan hanyar, don haka ka rubuta a jikin fom ɗin ƙarara.

Abba_Kawo:
Anti da girmanki amma kuna tsorata yaro fa, wa zai baro Abuja ya zo Rigasa kan shafin farashin waya 😂 Sai dai maganar kwafi gaskiya ce, ni kaina dubu biyar na ba wani a shagon kwamfuta ya haɗa min, wata uku abin na kan shafina ban karanta ba, sai da ƙanwata ta tambaye ni yaushe na fara sayar da abincin karnuka, ashe na wani kanti ya kwaso ko imel ɗinsu bai cire ba. Ni abin da zan ce ka duba tukuna shi ne yare. Ranar da na leƙa jerin harsunan da AdSense ke karɓa akwai Larabci akwai Turanci amma ban ga Hausa ba, in shafinka Hausa ne zalla nan ne aikin yake.

Injiniya_Barnawa:
Abba ba sai kowa ya taso daga Abuja ba ai, akawun ɗin ne a hannun Google, kana harhaɗa dala 100 ɗin da sai ta cika ake biya a dakatar da talla saboda ka saɓa sharaɗi, wa gari ya waya? Ɗan Rigasa ka sa linkin a ƙasan kowane shafi inda ido zai gani, da kwanan watan da ka gyara shi.

Ɗan_Rigasa:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Yawancin rubutun da turanci nake yi, bidiyo ne da Hausa. Na goge na abokin nawa, zan rubuta nawa gajere da yaruka biyun. Anti in na gama zan liƙa shi nan ki duba min don Allah, amma lambobi 300 da wani abu da na riga na tara kafin yau fa, sai na koma na sake tambayarsu ɗaya bayan ɗaya?

Anti_Barista:
Tura saƙo ɗaya a guruf ɗin ka faɗa musu abin da kake yi da lambobin, ka sa linkin, wanda bai yarda ba ya yi magana ka cire shi ka goge daga wayarka ma. Liƙo in gani bayan isha'i.