Masu ƙananan jiragen ƙasa a Jos: ƙurar hunturu, da batun gina jirgin ƙasarmu

Baban Ummi, Unguwar Rogo:
Salamu alaikum jama'a. Tunda mun fara yawa a wannan harka ta ƙananan jiragen ƙasa na wasa da ke zagayawa a kan tebur, ina ganin kowa ya zube abin da ya gani da idonsa, sababbin shiga su huta da asarar kuɗi. Tambayata biyu ce. Ta farko, yaya kuke ƙarewa da ƙurar hunturu? Teburina na ma'aunin HO ne (wato girman jirgin gaske aka rage sau 87), ƙafa 8 a kan 4, a ɗakin da ke jikin zaure. Daga Disamba zuwa Fabrairu kan jirgin sai ya yi ta tuntuɓe, ya tafi ya tsaya, fitilarsa na ƙyafta ido, alhali da damina lafiya lau yake zagayawa. Ta biyu, akwai wanda ya taɓa gina jirgin ƙasarmu? Na gaji da kallon tashar Jamus da dusar ƙanƙara a cikin ɗakina.

Injiniya, Rayfield:
Wa alaikumus salam Baban Ummi. Jirginka ƙalau yake, layin ne ya yi datti. Wutar da ke tuƙa shi, wajen bolt 12, ta cikin dogon take bi ta shiga ƙafafun, kuma inda ƙafa ke taɓa dogo bai kai kan allura ba. Ƙura ta haɗu da ɗan man da ke zubowa daga giya, sai su zama wani baƙin danƙo, wuta ta kasa wucewa.

Ni abin da nake yi, sifirit na kemis da tsumman tsohuwar singileti, wadda ba ta zubar da zare. In goge layin, sannan in shimfiɗa tsumman a kan dogo, in ɗora rabin ƙafafun kan jirgin a kai, in ba shi wuta su yi ta juyawa har baƙin ya fita. Mutane da yawa layi kawai suke gogewa su manta da ƙafafun taragu, su kuwa na roba su ne manyan masu kwashe datti su raba wa ko'ina. Kada ka sa sanfefa ko kaɗan. Ranar farko za ka ga layi na ƙyalli ka ji daɗi, amma ka karce shi ke nan, ƙura ta samu wurin zama na dindindin. Mai kuma ɗigo ɗaya a bakin tsinken sakace ya isa. Sai rufi: ni ledar tebur na sa a kan firam na katako, don zanin gado yana kama bishiyoyi ya karya.

Ɗan Dilimi:
Oga Injiniya ya gama magana. Abin da zan ƙara na masu sayen gwanjo ne irina. Nawa na farko a cikin kwalin kayan wasan yara na tsince shi a kasuwar Katako, tsohon jirgin kamfanin Lima na Italiya, mai kayan ma bai san yana motsi ba. Irin waɗannan tsofaffin saiti layinsu na ƙarfe ne zalla, damina ɗaya ta Jos ta isa ta sa ya yi tsatsa. Ku tafi da maganaɗisu a aljihu: in ya kama dogon, ƙarfe ne, ku sayi kan jirgin da taragu ku bar layin, ku nemi na nikel irin na kamfanin Peco.

Sannan ku karanta jikin taransifoma kafin ku jona. Wanda ya fito daga Amurka na bolt 110 ne, tamu wutar kuwa ta ninka haka. Ƙanina ya jona wani da na kawo kafin in dawo daga masallaci, ƙauri kawai na tarar. Haka kuma HO na kamfanin Märklin tsarinsa daban ne, wata irin wuta da ake kira AC yake ci ta wasu ƙananan ƙusoshi a tsakiyar layi, ba ya tafiya a kan layin kamfanin Hornby ko Bachmann.

Sabon Shiga, Farin Gada:
Yayyena ku yi haƙuri da tambayar ɗan koyo. An aiko mini da taragu biyu na Hornby, suna hawa layina lafiya, amma sun fi sauran girma. Jabu ne?

Ɗan Dilimi:
Ba jabu ba ne ƙanina. Hornby ma'aunin OO suke yi, 1:76, naka kuwa HO ne, 1:87. Layinsu ɗaya, milimita 16.5, shi ya sa suke hawa. In ido bai dame ka ba, ka haɗa su ka yi wasanka.

Baba Ɗan Reluwe, Gangare:
Yarana sannunku da ƙoƙari. Jikana ne ke rubuta mini. Ni ba ni da tebur, amma a barikin reluwe aka haife ni, kuma tambayar Baban Ummi ta biyu ce ta taso ni. In za ku gina namu, ku fara da ƙaramin jirgin Zariya. Turawa sun shimfiɗa shi ne don kwashe kuza, daga Zariya ya biyo ta Rahama ya hau dutse, ya iso Jos da Bukuru a 1914. Faɗin layinsa ƙafa 2 da inci 6 ne kacal. Sunan Bauchi aka sa masa, alhali bai taɓa shiga garin Bauchi ba, don a lokacin ƙasar Jos a lardin Bauchi take. Babban layi ya iso ta Kafanchan a 1927, daga nan kasuwar ƙaramin ta fara ja baya, har aka rufe shi a 1957. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yakan ce in jirgin ya zo hawan dutse, samari kan sauka su taka da ƙafa a gefensa suna hira da na ciki. Ina yaro na gan shi yana hayaƙi. Yau in ka tambayi yaron da ke talla a Taminus me ya sa ake kiran wurin haka, ba lallai ya san ƙarshen layin dogo ake nufi ba. Ku je gidan tarihi na Jos, akwai tsofaffin kawunan jirgin a ajiye, ku gani da idonku.

Injiniya, Rayfield:
Allah ya ƙara lafiya Baba, ya jiƙan magabata. Wannan magana ta sa na ɗauko kalkuleta, kuma labarin mai daɗi ne. Ƙafa 2 da inci 6 milimita 762 ke nan. Raba da 87, ka samu kusan 8.8. Layin ma'aunin N kuwa, wanda ya fi HO ƙanƙanta, milimita 9 ne. Wato in ka samu ƙasan kan jirgin N mai injinsa da ƙafafunsa, ka gina jiki a ma'aunin HO ka ɗora, ka yi jirgin Zariya daidai gwargwado. Turawa ma haka suke yi wa ƙananan layukansu, suna kiransa HOe.

Babban layinmu ne mai wuya. Faɗinsa ƙafa 3 da inci 6 ne, milimita 1067, a HO yana buƙatar layi mai milimita 12, wanda samunsa a nan sai an sha wuya. Dabarar da mutanen Niyu Zilan ke yi, don su ma faɗin layinsu irin namu ne, ita ce su riƙe layin 16.5 da kowa ke da shi, su ƙara girman jirgin zuwa 1:64. Ni na gwada da taragon kaya guda, na yanka jikin daga farar robar allon talla, ƙafafun kuma na tsohon tarago ne. Ya zauna da kyau. Gaskiyar magana ita ce ban taɓa cin karo da kamfanin da ke sayar da jirgin Najeriya a kwali ba, duk wanda ke son ganin kore da rawayan reluwe a teburinsa sai ya zauna ya yanka da hannunsa. Ni kuma ban ga abin baƙin ciki a nan ba. Wanene a cikinmu bai yi motar kara ko ta gwangwanin madara ba yana yaro?

Maman Hanif, Bukuru:
Ni jirgin na maigida ne, ƙasa da duwatsu nawa ne, kuma na fi shi aiki ko ya yarda ko bai yarda ba. Baban Ummi, tun kafin ka gina kan jirgi za ka iya korar dusar ƙanƙarar nan. Mu bayan garin Bukuru muka kwaikwaya. Duwatsu da farin soson kwalin firij na sassaƙa su, na shafe da hodar masu silin, na yi musu fentin toka-toka da ɗigon baƙi, na ɗora wani kan wani yadda na Riyom suke. Kududdufin kuza kuma gilashin taga ne, na yi wa ƙasansa fenti kore mai duhu, na kewaye shi da tudun jar ƙasa. Ciyawa garin katako ne daga wurin masu yanka, na rina kala biyu, ta damina da ta rani, amma ta rani ta fi kama da gaske. Shingen kyarana da ke kewaye gonakin acca, da zaren buroshin shara na yi shi.

Gargaɗina ɗaya ne, a kan yashi. Yashin bakin tsofaffin ramukan kuza yana da kyau a ido, girmansa daidai da tsakuwar layi, amma cike yake da baƙin burbushi mai bin maganaɗisu, injin kan jirgi kuwa maganaɗisu ne a cikinsa, zai zuƙe shi ya cushe giya. A wanke, a shanya, a tankaɗe da rariya, a bi shi da maganaɗisun tsohuwar sifika har sai ya daina kama komai. Sannan a zuba a layi a ɗiga farin gam da aka tsinka da ruwa da ɗan sabulun wanke-wanke. Ba ya bushewa da wuri, kada a yi gaggawar sa jirgi.

Mutum-mutumi kuma maigida ba ya so a ɗakin, saboda haka tasharmu babu fasinja ko ɗaya, sai buhunan dankali da kekuna a jingine. Baƙi ba sa ma lura.

Na Kubwa, Abuja:
Gaisuwa daga Abuja, ɗan Jos ne aiki ya kawo ni. Ɗaki ɗaya nake haya, don haka N na kamfanin Kato nake yi, layin da ake harhaɗawa a kan tabarma a kwance a mayar kwali. Ƙura ba ta samunsa, sai dai babu duwatsu irin na Hajiya Maman Hanif. Ga masu HO kuma, layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 faɗinsa milimita 1435 ne, irin wanda aka ƙera HO a kansa, ba sai an yi lissafin Injiniya ba. Ina ganinsa yana wucewa ta nan unguwarmu daga Idu zuwa Rigasa. Tarago na zamani da fenti sun isa. Kuɗin aiko kaya ne matsalar, wani lokaci ya fi kuɗin kayan, shi ya sa nake jiran mai dawowa daga tafiya ya saƙo mini a jaka.

Baban Ummi, Unguwar Rogo:
Na gode ƙwarai, na goge ƙafafun taragu daren jiya, abin da ya fito ba a magana, yanzu yana zagayawa ba tuntuɓe. Ni na tsaya a kan jirgin Zariya. Ɗan Dilimi, in ka ci karo da kan jirgin N mai ƙafa shida a gwanjo, ko jikinsa a fashe yake, ka riƙe mini. Injiniya, ranar Asabar bayan azahar ina gidan tarihi da tef ɗin awo, za ka samu zuwa?

Injiniya, Rayfield:
In sha Allah. Mu fara neman izinin ma'aikatan wurin kafin mu taɓa komai. Ka zo da littafi, tazarar da ke tsakanin ƙafafu da tsayin bututun hayaƙi za mu fara aunawa, sauran hoto zai wadatar. Baba, in jikanka zai kawo ka, motata na da wuri, sai mu biyo ta Gangare.